Shekara biyu muna dasa bishiyoyi suna mutuwa, ina kuskuren yake?

"Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙasar Gumel, muna da ƙungiyar samari ta taimakon kai da kai. Shekara biyu a jere muna karɓo dashe muna dasawa a bakin hanya da filin makaranta da maƙabarta, saboda muna ganin yadda rairayi yake cinye gonaki ga zafi ya yi yawa. Amma wallahi kafin bazara ta fita kusan duk sun mutu, bara ma guda bakwai kacal suka rayu. Yanzu har dattawa sun fara cewa ɓata lokaci muke, wasu samarin ma sun janye jiki. Don Allah ina kuskuren yake, kuma me ƙauye irin namu zai iya yi da kansa kan wannan sauyin yanayi ba sai ya jira gwamnati ba?"

Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya saka muku da alheri, kai da duk samarin da suka ɗauki fartanya suka fita. In na fahimce ka tambaya biyu ka haɗa, me yake kashe dashen, sannan wane aiki ne ƙauye zai riƙe da hannunsa wanda zai ɗore. Na yi shekaru ina aikin gandun daji da na malamin gona a ƙauyukan arewacin Jigawa, kuma abin da ya same ku na gan shi ya fi a ƙirga, don haka kada ranka ya ɓaci. Guda bakwai ɗin nan da suka rayu ma ka je ka tsaya a kansu ka duba da kyau, ina da yaƙinin za ka tarar kowacce akwai mutum a bayanta, ko tana ƙofar gidan wani, ko tana kusa da inda ake alwala, ko wata tsohuwa ta kewaye ta da ƙaya tana zuba mata ruwan wanke-wanke. Daga nan amsarka ta fara.

Abin da yake kashe dashe

Yankinku ruwan da yake samu a shekara bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba, kuma duk a cikin wata uku zuwa huɗu yake sauka, sauran wata takwas ɗin ko ɗigo babu, ga ƙasa jigawa ce ba ta riƙe danshi. To ɗan itacen da aka raina a leda, a inuwa, ana ba shi ruwa safe da yamma, shi ake ɗaukowa a jefa cikin wannan hali. Mafi yawan dashen da ake rabawa kuma ba ya isowa ƙauye sai ƙarshen Agusta ko ma Satumba, an jira bikin dashe an jira manyan baƙi, lokacin damina ta juya baya, saiwar ba ta samu ko sati uku na danshi ba hunturu ya shigo. Dashe a wajenmu lokacinsa shi ne da zarar ruwa ya zauna, cikin Yuli ko farkon Agusta, kuma ramin tun kafin nan ake haƙa shi, kamu ɗaya faɗi kamu ɗaya zurfi, a zuba ruɓaɓɓen taki a bari ruwa ya dake shi sau biyu ko uku. Na sha tono mataccen dashe in tarar ko ledar ba a cire ba, saiwar ta nannaɗe a ciki kamar gammo.

Sai akuya. Da an gama girbi an saki dabbobi, duk wani kore da ya rage a gari shi ne dashenku, ɗan akuya ɗaya ya ishi layi guda a yini. Sai gara, ita kuma ta ƙasa take bi idan itacen ya galabaita da ƙishi, toka da ganyen darbejiya a gindin suna rage ta. Amma duk waɗannan masu sauƙi ne. Babban abin shi ne kun dasa a bakin hanya da filin makaranta da maƙabarta, wuraren da na kowa ne, kuma ranar da rana ta take a watan Afrilu, rijiya ta yi ƙasa, mace tana bin layi awa biyu kan jarka ɗaya, babu wanda zai ɗauki ruwan nan ya kai wa bishiyar da ba a ce tasa ba ce. Ba mugunta ba ce, haka rayuwar take.

Don haka in za ku sake dashe, ku rage yawa sosai. Hamsin da za a yi rainonsu sun fi dubu da za a ɗauki hoto a watse. Kowace bishiya a rubuta sunan mai ita a littafi, gida kaza bishiya biyu, ɗalibi kaza bishiya ɗaya, kuma a ba mutum irin da yake so da kansa, wanda ya ce mangwaro ko gwaiba ko zogale ko dabino yake so a cikin gidansa a ba shi, don wanda yake hangen 'ya'yan da zai ci ba sai an tuna masa ban ruwa ba. A kewaye da ƙayar magarya ko bagaruwa, ko a yi ɗan zagayen bulon ƙasa mai ƙofofin iska. Ban ruwan rani kuma akwai dabara, a samu tsohon tulu ko robar lemo babba a huda gindinta ƙanana a binne kusa da saiwa a bar bakin a waje, a cika ta duk bayan kwana uku ko huɗu, ruwan yana tsattsafowa a ƙasa inda rana ba ta shanye shi. Rani ɗaya zuwa biyu ake wannan wahalar, darbejiya in ta tsallake bazarar farko da wuya ta mutu.

Dajin da yake ƙarƙashin gonakinku

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, don shi ne ya canza min yadda nake aiki gaba ɗaya. Ka shiga gonar babanka a watan Afrilu kafin a yi sharar gona ka duba ƙasa. Za ka ga sabara, kalgo, magarya, aduwa, wani wurin ɗan gawo ko marke, sun tsiro cunkus daga kututture, duk shekara ana sassabe su a tara a cinna wuta, duk shekara suna dawowa. Waɗannan ba ciyawa ba ne, bishiyoyi ne da aka sare tun zamanin kakanni amma saiwarsu tana nan da rai, ta nutse ƙasa inda danshi yake, ta ga farin 1973 ta ga na 1984 ba ta mutu ba. Abin da kuke wahalar nema wa ɗan dashe da jarka, wato saiwa mai zurfi, ita tana da shi tuni. Da tsohuwar zuma ake magani.

Aikin kawai shi ne a daina aske ta ƙasa-ƙasa. A kowane kututture ka zaɓi tsiro uku zuwa biyar waɗanda suka fi miƙewa da ƙarfi, ka sare sauran, waɗanda ka bari ka rage musu ƙananan rassa daga ƙasa zuwa rabin tsayinsu, da wuƙa ko gatari mai kaifi, kuma sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ka ɗaura jan ƙyalle a jiki don mai wucewa ya san an bar shi ne da gangan. Bayan 'yan watanni ka dawo ka sake gyarawa. Shikenan, babu leda babu ban ruwa babu kuɗin mota. A eka ɗaya a fara da goma ko sha biyar, manomi ya gani da idonsa tukuna.

Wannan ba sabon abu ba ne kuma ba daga nesa ya zo ba. Maƙwabtanmu na Nijar suna kiransa sassaben zamani. A yankin Maraɗi aka fara yaɗa shi wajen 1983, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo da ya gaji da ganin dashensa yana mutuwa kamar naku, shi ya lura da kututturan nan ya fara aiki da manoma a kai, daga baya abin ya bazu daga gona zuwa gona har Damagaram, kuma masu bincike sun ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5, bishiyoyi wajen miliyan 200. Ku da Maigatari take kusa da ku ba sai an ba ku labari ba, ranar Alhamis in kun je kasuwa ku tambayi mutanen garuruwan Magarya ko Dungas na Nijar yadda gonakinsu suke, ko ku haɗa kuɗin mai mutum biyar su tsallaka su gani, ku tafi da dattijo ɗaya cikin masu cewa ɓata lokaci kuke. Gawo ne za su gani reras a cikin gonakin gero.

Gawo kuwa ka san halinsa, shi ne yake zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, saboda haka ba ya yi wa gero inuwa lokacin da yake son rana, ganyen da ya zubar taki ne, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa sinadarin da muke saye a buhun yuriya, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a lokacin da babu komai a daji. Duk tsohon manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili kauri. Sabara ma da muke rainawa, bincike a Senegal ya nuna saiwarta tana jawo danshi daga ƙasa can da daddare har geron da ke kusa da ita ya amfana, ga shi tana tare rairayi da ganyayen da iska ta kwaso.

Akwai wani dattijo da na yi aiki da shi, gonarsa tana bakin gari ta gabas inda iskar farkon damina take fara bugawa, duk shekara sai ya yi shuka biyu ko uku don rairayi yana binne tsiron ko ya yanke shi. Da ƙyar ya yarda muka bar masa sabara da kalgo a layin gabas da 'yan gawo guda shida a tsakiya, yana ta faɗin maƙwabta za su ce ya zama rago ya kasa share gonarsa, kuma sun faɗa ɗin. A damina ta uku na je na same shi tsugune a bayan layin nan yana tona ƙasa da yatsa, ya ɗebo ya matse a tafin hannu ya nuna min ta dunƙule, ya taka ƴan taku zuwa fili ya ɗebo wata ta zube ta tsakanin yatsunsa. Bai ce min komai ba a kai, sai dai ya tambaye ni ko zan zo in nuna wa ƙaninsa. Matarsa kuma rassan da ake ragewa duk shekara su take girki da su wata da watanni.

Manoma za su kawo maka ƙorafi biyu kuma duka suna da gaskiya a ciki, kada ka yi musu gardama. Za su ce inuwa tana kashe amfani, haka ne ga darbejiya da turare da mangwaro, shi ya sa waɗannan nasu bakin hanya ne da gida da iyakar gona, cikin gona kuwa gawo da waɗanda ake iya rage wa rassa. Za su ce bishiya tana tara tsuntsu, jan baki musamman, wannan ma akwai shi, maganin da na gani shi ne rage rassan kafin gero ya fitar da kai da kuma barin tazara.

Wanda za ku zauna da shi kafin ku taɓa gatari

Nan ne ƙungiyarku take da aiki na gaske, don sassaben zamani ba ya tsayawa a gonar mutum ɗaya in gari bai yarda ba. Ka raini gawo shekara biyu wani ya zo da daddare ya sare ya yi turke, gobe ba za ka sake ba. Ku je wurin mai unguwa da dagaci, ba da takardar gayyatar biki ba, ku nemi a zauna a yi doka ta gari, wanda ya raini itace a gonarsa nasa ne, shi zai rage rassa shi zai ci moriya, wanda ya sare na wani ga tararsa, a sanar a masallacin Juma'a da kasuwa. Ku jawo ma'aikacin gandun daji na ƙaramar hukuma ya zauna a wurin ya faɗa da bakinsa, saboda da yawan manoma suna tsoron in suka bar itace ya girma to ya zama na hukuma, gobe a ci su tara in sun taɓa reshe, wannan tsoron kaɗai ya hana bishiyoyi da yawa tashi. Haka wanda yake noma gonar aro ko ta jingina, sai an yi magana da mai gonar, ka san yadda mutanenmu suke kallon dasa itace a gonar da ba taka ba.

Liman kuma ku roƙe shi ya yi huɗuba a kai. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, cewa babu musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga ciki, face ya zama sadaka a gare shi. Na ga inda wannan huɗubar ta yi abin da taronmu goma bai yi ba.

Kada ku manta da Ardo. Makiyayi yana sassaƙe gawo da bazara ne don shanunsa suna jin yunwa, in kuka yi doka ba da shi ba to kun shuka rigima. A zauna a fitar da burtali a bar shi a buɗe, a yarda da yadda za a rage reshe ba tare da an kashe uwar ba, a dawo da tsohuwar al'adar nan ta shanu su kwana a gona bayan girbi su ci kara su bar taki. Su ma suna son gawon ya yawaita, sun fi kowa sanin amfaninsa.

Sai mata, waɗanda da su ya kamata in fara. Itacen da ake sarewa yawancinsa murhu yake tafiya, kuma tun da man fetur ya tashi a 2023 komai ya bi shi, masu gas ma a birni da yawa sun koma gawayi, motocin itace da gawayi kuwa daga ƙauyuka suke lodi. A gidajen da itace ya gagara kara ake ƙonawa da kashin shanu, abin da ya kamata ya koma gona. Murhun laka mai rufaffen gefe, wanda ake ginawa daidai gindin tukunya da yumɓu da kashin jaki ko ƙaiƙayi, yana rage cin itace sosai a kan duwatsu uku da iska take kwashe wutar, kuma mace biyu in suka koya sun isa su koya wa unguwa. Ku nemo mai ginin tukwane ta garinku ku fara da ita.

Ga gonakin da suka riga suka mutu, fako mai tauri da ruwa yake gudu a kai, akwai tassa, ƙananan ramuka taƙi ɗaya faɗi da zurfi, a haƙa da rani a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba taki cikin tafi biyu, ruwan farko ya taru a ciki sai a shuka. Da wannan Yacouba Sawadogo na Burkina Faso ya mayar da fako daji. Aiki ne mai cin ƙarfi, na gayya ne, kuma a rairayi tsantsa ba ya yi don ramin cikewa yake, a ƙasa mai tauri ake yinsa. Ku haɗa da iri mai saurin nuna, geron SOSAT da waken da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Kano ta fitar, ku riƙa sauraron hasashen damina da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, take fitarwa farkon shekara a rediyo kafin ku zuba iri a ruwan farko.

Inda ƙarfin ƙauye ya tsaya

Ba zan ce maka bishiyoyin ƙauye ɗaya za su dawo da damina yadda take a da ba, ɗumamar duniya daga hayaƙin manyan ƙasashe take, ba daga murhun innarka ba, kuma kada ku yi wa mutane wannan alkawarin don ranar da aka yi fari za su ce kun yi ƙarya. Abin da za ku iya alkawari shi ne iska ta rage binne shuka, ƙasa ta riƙe danshi ƴan kwanaki fiye da da in ruwa ya ɗauke, dabba ta samu abin ci da bazara, mace ta rage tafiyar neman itace, kuma ko wannan sai an yi shekara uku zuwa biyar ana haƙuri. Duk abin da na faɗa kuma na tudu ne irin naku. Mutanen kwarin Haɗeja, su Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma, tasu matsalar ambaliya ce kamar ta 2020 da 2022, da ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa tun bayan da madatsun Tiga da Challawa suka canza tafiyar kogin, suna fita gayya su yanke ta da lauje kuma yana taimakawa, amma wannan sai da injina da hannun hukuma.

Hukuma kuma ba cewa na yi ku juya mata baya ba. Akwai shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015 kuma Jigawa da Kano suna cikin jihohi 11 da yake aiki, akwai kuma ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace da Bankin Duniya yake tallafawa a jihohin Arewa. Ku yi wa ƙungiyarku rajista a ƙaramar hukuma, ku riƙe littafi, sunan manomi, gonarsa, kututture nawa ya bari, nawa suka kai shekara. Na zauna a ɓangaren masu zaɓen ƙauyukan da za a kai aiki, kuma wanda ya zo da irin wannan littafin ya ce ku zo ku gani, ba a ajiye takardarsa a ƙasan tebur. In za ku roƙi wani abu ku roƙi rijiyar burtsatse mai sola da waya ta kewaye wurin rainon iri, dashen ku da kanku za ku iya tsirar da shi daga 'ya'yan gawo da kuka da tsamiya da kuke takawa kullum, a jiƙa su a ruwan zafi su kwana kafin a shuka don ɓawonsu yana da tauri.

Bana dai kada ku karɓo dashe ko ɗaya sai kun san sunan mai rainonsa. Ku nemi manoma biyar kacal da za su yarda, zai fi kyau a samu gonar da take bakin hanyar kasuwa inda kowa zai gani, ku shiga tare da su kafin a cinna wutar sharar gona, da gatari mai kaifi da jan ƙyalle. Guda bakwai ɗin nan na bara kuma a sake musu ƙaya tun yanzu, kafin a saki awaki.